Hotunan Agwagwa na Ƙarshe

Ranar Asabar da hantsi Malama tana goge kayan falo. Ta goge tebur, ta goge fanka, ta goge gilashin kwabat, amma da hannunta ya kai saman kwabat ɗin sai ta janye tsumman. A nan kyamarar take zaune cikin jakarta ta fata, kuma wata biyar ke nan ba wanda ya taɓa ta a gidan, har mai ita.

Mai ita shi ne mijinta, Auta. Haka mahaifiyarsa take kiransa don shi ne ɗanta na ƙarshe, sunan ya bi shi har shagon gyaran tabarau inda yake aiki. Wani tsohon kwastoma ne ya ba shi kyamarar, ya ce idonsa ya daina gani ta cikinta, gara ta koma hannun mai ido. Tsohuwar ƙira ce, ƙarfe zalla, ba batir ba caji. Sai ka saka mata fim, ka murɗa zoben gaba har abin da kake kallo ya fito tas, ka auna haske da idonka, sannan ka danna — ƙas! Kuma ba za ka ga abin da ka ɗauka ba sai an wanke fim ɗin.

Da ita ma ya samo Malama. Ya je firamaren da take koyarwa kai wa hedimasta tabarau, ya hango ta tana raba faɗan yara biyu, kunnen kowanne a hannunta, ya ɗauke ta ba ta sani ba. Bayan mako uku ya dawo da hoton, baƙi da fari.

"Mako uku, kuma ko kala babu?" ta ce tana dariya. "Wayata a daƙiƙa ɗaya take wannan aikin."

"Wayar taki ta taɓa sa wani ya yi kwana ashirin da ɗaya yana tunaninki?"

Kafin shekara ta zagayo sun yi aure. Shi ya koya mata kyamarar da hannunsa, ya kuma kafa mata doka guda: "Duk abin da kika ga dama ki yi da ita, amma kada ki buɗe bayanta matuƙar da fim a ciki. Haske yana taɓa shi, shi ke nan, ya ƙone."

Allah ya ba su 'ya mace. Ranar da ta fara tafiya tana rangaji, hannuwa a buɗe, ɗuwawu a baya, ubanta ya tuntsire da dariya ya ce, "Wannan ai agwagwa muka haifa!" Sunan ya zauna daram, har maƙwabta suka manta na gaskiyar.

Shekararta ɗaya da wata takwas zazzaɓi ya kama ta. Kakarta Inna, mahaifiyar Auta, ita ke riƙe ta idan iyayen sun tafi aiki. Inna ta taɓa goshin ta ce haƙori ne, 'ya'ya shida ta raina, ta san zazzaɓin haƙori. Ba ta kira kowa ba sai da yamma, da jikin yarinyar ya fara fizge-fizge. Kwana biyu suka yi a asibiti, Agwagwa ta koma ga Mahaliccinta.

A barandar asibitin Auta ya dubi uwarsa ya ce, "Inna, da kin kira ni tun da safe—" Bai ƙarasa ba. Wata biyu bai taka gidanta ba. Malama ce ta yi ta roƙonsa, da kuka da durƙuso, har ya soma zuwa ya gaishe ta a tsaitsaye ya fito. Zumuncin ya ɗan haɗu, amma kowa ya san da ƙyar yake tsaye.

A cikin kyamarar kuwa akwai fim ɗin watannin Agwagwa na ƙarshe: gudunta na farko, haƙoranta, dariyarta. An sace wayar Malama a layin asibiti, don haka babu wani hoton waɗannan watannin a ko'ina sai a nan. 'Yar tagar da ke ƙirga hotuna tana kan talatin da huɗu. Sau uku Malama tana cewa ya kai a wanke.

"In an wanke ya ƙare," yakan ce. "Yanzu dai na san tana ciki."

Malama ba ta gama gugar ba aka yi sallama. Inna ce, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta zauna ta bi hotunan bango da kallo, duk na jarirantaka ne.

"'Yar nan, babu wanda take tsaye da ƙafarta? Wallahi fuskarta ta fara ɓace mini. In na rufe ido sai in ga rigar, ba na ganin fuskar."

"Akwai, Inna. Suna cikin kyamarar can, bai kai an wanke ba tukuna. Bari in kawo miki shayi."

Minti goma ta yi a kicin, ba ƙari. Da ta dawo da tire a hannu ta tarar da Inna tsaye a bakin taga, rana tana dukan hannunta. Kyamarar tana buɗe, Inna ta jawo fim ɗin ya kai tsawon kamu guda, ta ɗaga shi sama tana ƙanƙance ido.

"Ba kowa a ciki, 'yar nan. A zamaninmu in ka ɗaga wannan abin kana ganin mutane ƙanana-ƙanana. Ina take?"

"Inna!"

Tiren ya tarwatse a ƙasa. Malama ta fizge mayafinta ta lulluɓe kyamarar, ta juya wa tagar baya, ta cusa hannu ƙarƙashin mayafin ta mai da fim ɗin da lalube, ta danne ƙofar ta rufe. Sannan ta zube cikin shayin da ya malale.

"Me na yi? 'Yar nan, faɗa mini, me na yi?"

"Sai an wanke ake gani, Inna. Kafin nan haske ƙone shi yake yi."

Inna ta daɗe tana kallonta kafin maganar ta shige ta. Ta dafe bango, ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Na kuma," ta ce a hankali. "Na sake kashe masa ita. Wayyo Allah, na rasa ɗana! Wannan karon ko gawata ba zai zo gani ba!"

Malama ta share fasassun kofuna, ta mai da kyamarar jakarta, ta ɗaga Inna ta zaunar da ita a kujera, ta sake haɗa mata wani shayin. Inna ba ta taɓa shi ba.

Ranar Asabar rabin wuni Auta yake yi. Yana shigowa ya gaida uwarsa, idonsa ya tafi saman kwabat kamar kullum. Igiyar jakar ba yadda ya bar ta take ba. Ya ɗauko, ya buɗe. 'Yar tagar ta koma sifili, kuma ba abin da ke mai da ita sifili sai buɗe baya.

"Wa ya buɗe?"

Muryarsa ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. Malama ta dubi Inna. Hannun tsohuwar ɗaya dafe yake da ƙirji, ga hawan jini da likita ya ce a kiyaye mata. Ta tuna wata biyun nan, ta tuna yadda ta sha wahala kafin ta mai da ƙafarsa gidan uwarsa.

"Ni ce," in ji Malama.

"Ke?"

"Na so in gan ta. Ban san lokacin da hannuna ya yi ba. Sori, Baban Agwagwa, don Allah ka—"

"Kada ki ƙara kirana da wannan sunan! Ke da na riƙe hannunki na nuna miki? Da wani ne daga waje sai in ce bai sani ba. Ke kin sani! Kin sani sarai!" Ya rungume kyamarar a ƙirji. "Sau biyu ke nan ina binne yarinyar nan."

Ya naɗe kyamarar a baƙin ƙyalle ya kulle a durowa. Daga ranar ya ƙaura falo. Ba ya zagi, ba ya faɗa, ba ya cin abincinta. In ta ce sannu da zuwa sai ya ce yawwa, in ta zauna kusa da shi sai ya tuna yana da aiki a waje. Namijin da a da ba ya iya shan ruwa bai ba ta labarin kwastomomin ranar ba, yanzu ƙarar cokali kaɗai ake ji a gidan, shi ma nata ne.

Labari ya kai kunnen Yaya, babbar yayar Auta mai shagon yadi, wadda tun farko ba ta so ƙanenta ya auri ma'aikaciya ba. Ita ta tara su a falon Inna.

"Ni fa ba na ɓoye magana," ta ce tana gyara zama. "Da matar nan tana zaune a ɗakinta kamar kowace uwa, da ba a kai yarinya wurin tsohuwa ba, da ba a ɗora wa uwarmu laifi ba. Ta zaɓi 'ya'yan mutane ta bar nata. An yi shiru. Yanzu ɗan abin da ya rage wa ƙanena ya riƙa kallo, shi ma ta ƙone. To me kuma ake jira? Ta ƙone gidan?"

"Yaya, ki ji tsoron Allah," Malama ta ce, hawaye na zuba. "Ni na haife ta fa."

"Haihuwa daban, riƙo daban!"

Inna ta ɗago kai. "Ku tsaya. Ni fa, ranar nan, ni ce—"

"Inna, lokacin maganinki ya yi," Malama ta katse ta da sauri. Ta miƙe ta ɗauko ruwa, ta durƙusa a gabanta, ta damƙe hannunta tana girgiza mata kai kaɗan yadda ba wanda zai lura. Inna ta haɗiye ƙwayar, ta haɗiye maganar tare da ita.

Auta bai ɗago ya dubi kowa ba. "Ki je gida ki huta," ya ce.

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

A gidan iyayenta aka share mata tsohon ɗakinta. Mahaifiyarta Umma ta bar ta kwana uku ba ta ce mata komai ba, a na huɗu ta shigo ta rufe ƙofa.

"Dube ni nan. Ke tun kina ƙarama in aka ce miki kada ki taɓa abu, ko ƙuda ya sauka a kai ba kya kora. Ba ke kika buɗe abin nan ba. Wa kike rufa wa asiri?"

"Ni ce, Umma."

"Ƙarya kike! Kin ga yadda kika koma? Zobenki yana zamewa daga yatsa! Kin rasa 'ya, za ki rasa miji, kina zaune kina ce mini ni ce, ni ce. Abbanku ya ce in wata ya ƙare ba su zo ba, shi da kansa zai je ya karɓo miki takardarki."

Malama ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kuka har muryarta ta dushe, amma ba ta canza magana ba.

Ta ci gaba da zuwa makaranta. Takan tsaya a gaban allo ta manta abin da za ta rubuta. Akwai wata uwa da ke zuwa ɗaukar ɗanta da 'yar ƙaramar yarinya tana rangaji a bayanta. Duk ranar da Malama ta hango su sai ta shige ofis ta juya fuska bango. Wayarta kullum tana hannu. Ko sau ɗaya Auta bai kira ba. Inna ce ke kira, lokacin tara, murya ƙasa-ƙasa kada Yaya ta ji.

"'Yata, ba na barci, ba na cin abinci. Yau zan faɗa masa, ko me zai faru ya faru."

"Kada ki faɗa, Inna. Na roƙe ki."

"Aurenki fa zai mutu saboda ni!"

"In ya rabu da ni zai iya samun wata matar. In ya rabu da ke ina zai samo wata uwar? Kuma ba zai yafe wa kansa ba daga baya, na san shi. Ki bari ya huce a kaina."

"In bai huce ba fa?"

Aka kaɗa ƙararrawa, Malama ta ce, "Zan shiga aji, Inna," ta kashe wayar.

Abba bai je ba da wata ya ƙare, Malama ce ta riƙe masa ƙafa. Wata na biyu ya wuce, na uku ya kama. Ta daina duba wayar. Ta aika ƙanwarta ta kwaso mata sauran kayan sawarta. Ƙanwar ta dawo ta ce gidan ya yi ƙura, kwanuka a jibge, Auta ya tara gemu, kuma ya sauke duk hotunan bango ya kifa su a kan tebur.

A can kuwa Yaya ba ta bar shi ya numfasa ba. Kullum sai ta kira: "Ka rubuta? Kana riƙe da 'yar mutane a banza, kai ba aure ba, ita ba aure ba." Ranar wata Laraba ya ce mata zai zo gidan Inna gobe da yamma a gama magana. Amma ya ƙudura a ransa kafin nan sai kyamarar ta bar gidansa, don ko durowar ba ya son kallo.

A bayan layin masu gyaran waya akwai wani ɗan shago mai warin tsami, na wani dattijo da kowa ke kira Mai Wanki. Shi kaɗai ya rage a garin yana wanke fim da hannu. Auta ya ajiye masa ƙunshin a kan kanta.

"Baba, ka riƙe ta. Ka ba duk wanda ka ga dama. Fim ɗin ciki ya ƙone, ka zubar."

"Ni ba na zubar da abin da ban gani ba. Zauna."

Dattijon ya saka kyamarar cikin wata baƙar jaka mai hannuwa biyu kamar riga, ya zuge, ya zura hannayensa ciki. Ya ɗaga kai sama yana lalube, yana motsa baki.

"Wa ya buɗe ta?"

"Matata."

"Ta iya kyamara?"

"Ni na koya mata. Ta fi ni iya saka fim."

"To ba ita ta buɗe ba."

Auta ya ɗago. "Ita ta faɗa da bakinta."

"Bakinta ya faɗa, ni kuma yatsuna suna faɗa mini wani abu dabam. Wanda ya ja fim ɗin nan bai taɓa riƙe kyamara ba. Bai danna maɓallin ƙasa ya sake shi ba, da ƙarfin tsiya ya fizgo, duk 'yan ramukan gefen sun yage. Wanda ya sani ko a gigice yake ba ya haka. Amma wanda ya mai da shi—" ya ɗan yi murmushi— "wannan gwani ne. Ya naɗe shi daidai, bai karya ba, bai taɓa fuskar da yatsa ba. Mutum biyu ne, ɗana. Ɗaya ya ɓata, ɗaya ya yi ceto."

Da ya fito da kyamarar ya ciro wani siririn zare shuɗi da ya maƙale a bakin ƙofar, ya ɗora a tafin Auta. "Har lulluɓe ta aka yi kafin a rufe. Su wa ke gidan ranar?"

Auta ya ƙura wa zaren ido. Ya san mayafin, shi ya saya. Sai falon ya dawo masa kamar yanzu: Inna a kujera, shayi a gabanta ya huce ba ta taɓa ba, hannunta a ƙirji. Ya tuna "Ni fa, ranar nan, ni ce—" da yadda Malama ta zabura ta ɗauko ruwa.

Mai Wanki ya shige ɗakin duhu. Da ya fito da fim ɗin yana ɗigar ruwa, baƙi ne ƙirin tun daga wutsiya har kusan kai. Auta ya bi shi da ido, baƙi, baƙi, baƙi. Sai can wajen farko, inda naɗin ya fi matsewa haske bai kai ba, ga wasu 'yan murabba'ai guda biyar da inuwar mutum a ciki.

"Da an ƙara daƙiƙa goma a buɗe, da ko waɗannan babu," in ji dattijon. "Dawo gobe da rana in buga maka."

Washegari da yamma Auta ya shiga falon Inna da ambulan a hannu. Yaya tana nan, har ta tanadi takarda da biro a kan tebur.

"Yawwa, zauna ka rubuta mu huta."

Bai dube ta ba. Ya tsaya a gaban uwarsa.

"Inna, wa ya buɗe kyamarata?"

Inna ta saki wani irin kuka mai cin rai. "Ni ce, Auta! Ni ce! Fuskarta nake nema, ban sani ba, wallahi ban sani ba! Yarinyar nan ita ta rufe, ita ta ɗauki laifin, ita ta hana ni faɗa. Kullum sai na ce zan faɗa, tsoronka ya hana ni. Wata uku ina kallo ana yanka ta saboda ni. Ka tsine mini in ka so, amma ka dawo da matarka!"

Auta ya juya ya fita. Ya tsaya a bakin ƙofar gida, tsohon ɗacin asibiti ya dawo masa sabo. Ƙafarsa ta so ta tafi tafiyar da ba dawowa. Sai ya ga in ya tafi, wata ukun da Malama ta yi tana ƙonewa sun tashi a banza ke nan. Abin da ta saya da aurenta shi ne kada ya yi wannan tafiyar.

Ya koma ciki. Ya buɗe ambulan ya zaro hoto ɗaya. Gefensa ya yi fari kamar hayaƙi, amma tsakiyar ta fito: Agwagwa tsaye da ƙafarta, baki buɗe tana dariya, ta damƙe yatsan wani hannu mai tamoji da ya shigo daga gefe.

"Hannunki ne, Inna," ya ce, ya ɗora mata a cinya. "Ga fuskar. Ki riƙe." Ya durƙusa ya kifa goshinsa a gwiwarta, suka yi ta kuka su biyu. Yaya ta ninke takardar ta tura a jaka.

Kafin rana ta faɗi yana ƙofar gidan su Malama. Umma ta bar shi tsaye a waje har ƙafarsa ta gaji, Abba ya wuce shi ya amsa gaisuwarsa da ka. Daga baya aka ce ya shigo. Da Malama ta fito bai gane ta nan take ba, don ta zama rabin matar da ya sani. Ta ga ambulan, ta ga idonsa, ta gane.

"Me ka ce wa Inna?" Abin da ta fara tambaya ke nan.

"Na ba ta hoto ɗaya."

Ta sauke numfashi ta zauna. Ya miƙa mata sauran huɗun. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan wanda Agwagwa ta sa takalmin ubanta ƙafa ɗaya tana ja. Ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙare mata tuntuni.

"Ki yafe mini, Malama. Ki zo mu tafi gida."

"Na yafe maka maganar kyamara, ni na jawo wa kaina, ni na yi maka ƙarya. Amma akwai wadda ta fi ta. Tun ranar da muka dawo daga asibiti, ka taɓa tambayata yaya nake? Kai ka rasa 'ya, Inna ta rasa jika, ni kuwa aikina rarrashi. Da a ce ni ɗin ce na buɗe fa? Uwa ce ta so ganin 'yarta. Shi ke nan sai a kore ta?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Ba ni da amsa."

"To ka je ka nemo. Ba zan bi ka yau ba."

Ya tafi. Washegari ya dawo bayan ya tashi aiki, ya zauna a bencin tsakar gida ya ce, "Yaya kike?" Ta ce lafiya. Kashegari ma ya sake zuwa ya yi tambayar, ta ce lafiya. A rana ta biyar ta buɗe baki, ta ba shi labarin yadda nononta ya yi ta zuba kwana da kwanaki bayan rasuwar ba ta faɗa wa kowa ba, da yarinyar makaranta mai rangaji, da yadda har yanzu in ta shiga kasuwa hannunta ke kai wa kan 'yan riguna. Ya saurara bai katse ta ba har ta gama. A rana ta goma sha ɗaya Inna da kanta ta zo da sandarta, ta nemi durƙusa wa Umma, Umma ta tare ta da sauri. A ranar Malama ta koma ɗakin mijinta.

Ba a koma kamar da ba, kuma ba wanda ya yi ƙaryar an koma. Hotuna ashirin da tara sun tafi har abada. Yaya ba ta taɓa cewa a yi haƙuri ba, sai dai ta aiko da yadi mai tsada ba tare da saƙo ba, Malama ta karɓa ta yi godiya. Akwai ranakun da gidan kan yi tsit, kowa da abin da ke cinsa. Bambancin kawai, yanzu a kujera ɗaya suke yin shirun.

Haƙurin Malama bai dawo da Agwagwa ba, ba a kuma yi haƙuri don ya dawo da wanda ya tafi ba. Abin da ya yi shi ne ya hana mutuwa ɗaya ta cinye mutum uku da ke raye. Wanda baƙin ciki ya kama yakan ɗauka shi kaɗai aka yi wa rashi, har ya taka na kusa da shi bai sani ba. Kafin ka yanke wa masoyinka hukunci, ka fara tambayarsa yaya yake, ka kuma zauna ka ji amsar.